Sabon Koci, Sabon Tsarin Baza 'Yan Wasa da Sauri: Amsa ga Ƙaramin Mataimaki

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka zo da tambaya maimakon ka bi sahun masu gunaguni. Ka ce jami'ar da kake aikin ƙaramin mataimaki a ƙungiyarta ta ƙwallon Amurka ta ɗauko sabon koci. Ya rushe tsohon tsarin kai hari, ya baza masu cafe ƙwallo huɗu har bakin layin gefe, ya hana taruwar ƙus-ƙus kafin kowane tashi (wato kowane karo da ake sakin ƙwallo a fara wasa), yana kuma ihu a saki ƙwallo cikin daƙiƙa 15. Ƙartin layi, wato manyan nan biyar masu tare masu tsaro a gaba, suna haki, kocin tsaro ya ɗaure fuska, kai kuma kana so ka sani: wannan dabara ce ta gaske ko gudu ne kawai, kuma a ina ya kamata ka sa ido?

Dabara ce, amma a ƙidaya take, ba a ƙafa ba. Ka ajiye batun sauri tukuna. Faɗin fili yadi 53 ne da ɗan ɗoriya, kowane ɓangare kuma mutum 11. A tsohon tsari, inda ake cunkushe kowa a tsakiya, kwatabak, wato jagoran hari da ake sakar wa ƙwallo a farkon kowane tashi, yana miƙa wa mai gudu ƙwallo sai ya koma ɗan kallo. Ya fita daga lissafi ke nan. Mai riƙe da ƙwallo shi ma ba ya tare kowa. Saura mutum 9 za su tare 11, kullum masu tsaro suna da rarar mutum biyu. Duk abin da sabon kocinku yake yi, neman cinye wannan rarar ne.

Idan ya tura masu cafewa huɗu gefe, dole mutum huɗu su bi su, saura 7. Sai ka ɗaga kai ka dubi bayan fili. In sun ajiye masu gadin baya biyu, biyar ne kaɗai suka rage a akwati, wato tsakiyar fili daf da inda aka ajiye ƙwallo, ga ƙartinka biyar, kowa da nasa, sai a gudu da ƙwallo. In ba su bar kowa a baya ba, bakwai sun taru a akwati, amma kowane mai cafewa yana gaba da gaba da mutum ɗaya, babu mai kawo agaji, sai a jefa. Guntun mayafi aka bar musu: su rufe kai, ƙafa ta fito.

Inda aikin ya fi daɗi shi ne sa'ad da suka bar mutum ɗaya a baya, shida a akwati. Ƙartinka biyar ne, wa zai tare na shidan? Babu. Ana barin mutumin ƙarshen layin tsaro a sake da gangan, kwatabak ya zuba masa ido yayin da ƙwallon ke cikin mai gudu, bai sake ta ba tukuna. Ya faɗo ciki yana bin mai gudu, kwatabak ya zare ƙwallon ya bi ta wurin da ya bari. Ya tsaya yana jiran kwatabak, a sakar wa mai gudu. Ko wanne ya zaɓa ya yi kuskure, an kuwa tare shi da ido ba tare da an taɓa shi ba. Rich Rodriguez ne ya fito da wannan a ƙaramar kwalejin Glenville State a farkon shekarun 1990, kuma kamar yadda shi kansa yake bayarwa, a wurin atisaye aka tsince ta: ƙwallo ta suɓuce wa kwatabak ɗinsa wajen miƙawa, ya ga mutumin ƙarshe ya kutsa ciki, sai ya riƙe abarsa ya gudu. Daga baya aka ɗora wata a kanta, inda kwatabak ke karanta mai tsaron tsakiya, ya zaɓa tsakanin miƙa wa mai gudu da gajeriyar jifa a bayansa. Wannan ta fi ci a wasan jami'o'i saboda doka ta bar ƙartin layi su kutsa har yadi 3 gaba a tashin jifa, alhali a gasar ƙwararru ta NFL yadi 1 ne kawai. Ka haddace wannan yadi 3 ɗin, don tutar alƙali tana yawan faɗuwa a kansa a shekarar farko.

To ina amfanin saurin? Shi ne yake hana masu tsaro gyara lissafin da ka ɓata musu. Tun 2008 wasan jami'o'i ya koma agogon daƙiƙa 40 da ke fara tafiya da zarar tashi ya ƙare, don haka alƙali na ajiye ƙwallo kana iya sakinta. Doka kuma ta ce in masu hari suka canja ɗan wasa, dole a jira masu tsaro su ma su canja. In ba ka canja kowa ba, ba mai jiransu. Shi ya sa kocinku yake so mutum 11 ɗin nan su iya dukkan jeri ba tare da an sako wani daga gefe ba. Ƙaton da ya haura kilo 130 a layin tsaro, wanda aka saba fitar da shi ya huta bayan tashi uku ko huɗu, sai ya maƙale a fili har tashi na takwas, hannu a ƙugu. Kocinsu ma ba shi da sukunin aiko da wata dabara mai sarƙaƙiya, sai ya koma kan biyu ko uku da yaransa suka fi sani, kai kuwa ka riga ka gan su a bidiyo. Abin ya dami manya har a 2014 aka kawo shawarar hana sakin ƙwallo kafin daƙiƙa 10 su wuce, Nick Saban na Alabama da Bret Bielema na Arkansas suna goyon baya, amma aka jingine ta ba a zartar ba.

Wanda ya fi kowa nuna wa duniya wannan shi ne Chip Kelly. Ya zo Oregon daga New Hampshire a 2007 a matsayin kocin hari, ya zama babban koci a 2009, a 2010 kuwa ba wanda ya doke su sai a wasan ƙarshe na ƙasa, inda Auburn ta ci 22 da 19. Jama'a sun riƙe allunan nan masu hotuna da ake ɗagawa daga gefen fili. Ni abin da na riƙe shi ne atisayensa: ba a tsayar da aiki don yi wa yaro wa'azi, ana gudu ana ɗauka, gyara sai an shiga ɗakin bidiyo. Dabarun ba su da yawa, maimaicinsu ne ya yi yawa. Ka lura da wannan sosai, domin kocin da ya zo da kundi mai kauri kuma yana neman sauri zai ga yadda sauri kan haifi nawa: yaro yana tunani a lokacin da ya kamata ƙafarsa ta riga ta tashi.

Na san abin da ke ranka da ba ka faɗa ba, wato ko za ku ci wasa bana. Wannan ya rataya ne a kan yaran da kocin ya tarar. Rodriguez ya fara Jami'ar Bajiniya ta Yamma a 2001 da cin wasa 3, rashin 8, shekara mai zuwa ya ci 9. Da ya koma Mishigan a 2008, ya tarar da ƙungiyar da aka gina don tsohon tsari, Ryan Mallett, dogon kwatabak mai ƙarfin jifa amma ba mai gudu ba, ya tattara ya tafi Arkansas, aka ƙare da cin 3, rashin 9, bayan shekara uku aka sallami kocin. Dubi kuma Gus Malzahn. Auburn ta ci 3 ta rasa 9 a 2012, ya karɓe ta a 2013 ya kai ta wasan ƙarshe na ƙasa, Florida State ta ci da ƙyar, 34 da 31. Ba siddabaru ya yi ba. Shi ne kocin harinsu daga 2009 zuwa 2011, da yawa daga yaran don tsarinsa aka ɗauko su, ya kuma samu Nick Marshall, kwatabak mai ƙafa, ya haɗa shi da Tre Mason. Auburn ɗin nan ta fi kowace ƙungiya a ƙasar cin yadi da gudu a wannan shekarar, saboda haka duk wanda ya ce maka baza 'yan wasa wasan jifa ne na masu tsoron karo, ka nuna masa bidiyonsu. Josh Heupel kuma ya karɓi Tenesi a 2021, ya manna masu cafewa da layin gefe fiye da kowa, a shekararsa ta biyu suka doke Alabama 52 da 49. Ka dubi kwatabak ɗinku da ƙartinku biyar da idon gaskiya, za ka san wanne daga cikin waɗannan labaran ya fi kama da naku.

Kocin tsaronku yana da gaskiyarsa, kada ka raina fushinsa. In kun yi tashi uku ba ku ci yadi 10 ba, kun mayar da ƙwallo kafin minti ɗaya ya cika a agogon wasa, yaransa ko ruwa ba su gama sha ba za su koma fili. Sauri yana ƙara yawan zagayen hari ga ɓangarorin biyu, wanda ya fi ƙarfi kuwa shi yawan zagaye ke yi wa rana. In kun haɗu da waɗanda suka fi ku, wani lokaci hikimar ita ce a yi jeri da sauri don a hana su canji, sannan a tsaya a ci agogo.

Yanzu ga naka aikin. Atisaye 15 kaɗai doka ta ba ku a zangon Maris da Afrilu, don haka kowane minti tsada gare shi. Kai ne mai ajiye ƙwallo a atisaye, ka gudu da ita, saurin ƙungiya ba ya wuce saurin mai ajiye ƙwallo. Ka koya wa masu gudu da masu cafewa su miƙa wa alƙali ƙwallo a hannu, kada su yar a ƙasa, daƙiƙa uku ko huɗu ake asara a nan. Ko da yake tun 2024 an yarda koci ya yi magana da kwatabak ta na'urar cikin hular kwano a manyan jami'o'i, ana yanke muryar in saura daƙiƙa 15, kuma mai cafewa da ke can bakin layi ba ya jin komai, alamun hannunka yake kallo. Ka sa su fito sarai, ka riƙa sauya su. In ka zauna yanka bidiyo, kada ka bi ƙwallo da ido. Ka rubuta adadin mutanen akwati a kowane tashi da abin da kwatabak ya zaɓa, ka kai wa kocin. Takardar nan za ta nuna masa ko yaron yana karatu ne ko caca yake yi.

Akwai abin da ba na so ka yi wasa da shi ko kaɗan. Sabon koci yakan so ya nuna zafinsa a watannin farko, motsa jiki ya koma horo. A 2018 Jordan McNair, ƙaton layi ɗan shekara 19 a Jami'ar Maryland, ya rasu sakamakon bugun zafi bayan gudun motsa jiki. Tun 2010 kuma hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta shigo da gwajin ƙwayar sikila ga 'yan wasan babban rukuni, domin mai AS, wanda lafiyarsa ƙalau a kullum, jininsa na iya rikicewa in aka matsa masa da gudu ba hutu. Mu da muka taso muna jin batun sikila a gidajenmu bai kamata wannan ya wuce mu ba. Ka san su wane ne masu AS a ƙungiyarku, ka san inda bahon ƙanƙara yake. Ka ga yaro ya fara tangaɗi ko ƙafafunsa sun saki, kira likitan ƙungiya nan take, kada ka jira izinin kowa, ko da kocin zai yi maka tsawa a gaban jama'a.

In ka samu zama da shi cikin natsuwa, ka yi masa tambaya ɗaya cikin ladabi: muna gaba da maki 3, saura minti 4, yadi 1 muke nema, abokan hamayya sun cika akwati, me za mu kira? Kwatabak ɗinku yana tsaye yadi 5 a bayan layi, kuma tun zuwan kocin ba ku taɓa yin atisayen rage gudu ba. Ka saurari amsarsa da kyau, ka roƙi a ware wa wannan yanayin minti 10 a kowane atisaye, sannan ka rubuto mini abin da ya ce.