Amsa ga Alhaji kan biyan 'yan wasan jami'o'in Amurka da batun ƙungiyar ƙwadago

Assalamu alaikum Alhaji, barka da warhaka. Na ga tambayarka tun jiya. Ka ce ɗan ƙanenka mai gudu ya samu wata jami'a a Amurka da ke zawarcinsa, sai kuma ka ji ana ta ka-ce-na-ce wai 'yan wasan jami'o'in can na neman a riƙa biyansu, har da kafa ƙungiyar ƙwadago. A ganinka wanda aka ba karatu da ɗaki da abinci kyauta, in ya buɗi baki ya ce sai an biya shi, butulci ne. Kana kuma tsoron kada yaro ya guje wa yajin aikin ASUU a gida ya je ya tarar da wani a can. Ina da abin cewa a kai, domin lokacin da nake digiri na biyu a wata babbar jami'a a tsakiyar Amurka, aikin da nake samun na cefane da shi shi ne koya wa 'yan wasa lissafi da daddare a cibiyar da sashen wasanni ya ware musu.

Maganar a biya ko kada a biya dai bakin alƙalami ya riga ya bushe. A watan Yunin 2021 Kotun Ƙolin Amurka ta ka da NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, a shari'ar Alston kan iyakar da hukumar ta sa wa tallafin karatun 'yan wasa, alƙalai tara duk bakinsu ɗaya. Daga 1 ga Yulin shekarar aka bar ɗan wasa ya karɓi kuɗin talla da sunansa da hotonsa. Sai a Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta Kalifoniya ta amince da sulhun da aka yi a ƙarar House, wadda 'yan wasa suka shigar da NCAA kan hana su kuɗi: za a biya diyyar dala biliyan 2.8 cikin shekara 10 ga waɗanda aka hana samu a baya, sannan kowace jami'ar da ta shiga tsarin tana iya raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Saboda haka ana biya yanzu haka. Inda gizo ke saƙar shi ne wa ke samu, wa ake bari a baya, kuma wa ke magana da yawun yaran idan ana yanke hukunci a kansu.

Kafin ka ce butulci, Alhaji, cire hoton NUGA, gasar wasannin jami'o'in Najeriya, daga ranka. Filin wasan Jami'ar Michigan yana cin mutum sama da 107,000, kuma cika yake yi ranar Asabar don kallon ɗalibai suna buga ƙwallon Amurka, wannan mai kama da zari-ruga da ake sa hular kwano. Gasar ƙwallon kwando ta watan Maris kaɗai, gidajen talabijin na CBS da Turner sun sabunta kwantiraginta a 2016 a kan dala biliyan 8.8 na shekara takwas. Kocin Jami'ar Georgia, Kirby Smart, dala miliyan 13 yake ɗauka a shekara. Da Jami'ar Texas A&M ta sallami kocinta Jimbo Fisher a 2023, sama da dala miliyan 75 ta ɗauki nauyin ba shi don kawai ya tafi gida. A cikin wannan daular ne a 2014 Shabazz Napier, wanda ya jagoranci Jami'ar Connecticut ta ci kofin ƙasa, ya faɗa wa 'yan jarida cewa akwai daren da da yunwa yake kwana, domin a lokacin har yawan abincin da jami'a za ta ba ɗan wasa doka ta ƙayyade. Sai a Afrilun shekarar aka cire wannan ƙa'ida. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan, kuma an daɗe ana yi.

Shi kansa karatun da ake cewa kyauta ne, ni na ga yadda ake yinsa. Ƙarfe bakwai na dare suke shigowa cibiyarmu, kowa ya goga katinsa a bakin ƙofa don koci ya ga an zo. Tun kafin asuba sun tashi ɗaga ƙarfe, sun shiga aji da safe, sun yi atisaye daga azahar zuwa magariba, sun zauna kallon bidiyon wasan abokan karawa. Sai ka ga ƙato ya shigo da ledar ƙanƙara an naɗe masa a gwiwa, ruwa na ɗiga a kan kafet, ya buɗe littafi, kafin ka gama rubuta lissafi na biyu kansa ya kife a kan tebur. Ba lalaci ba ne, jiki ne ya ƙi. A takarda doka ta ce kada a wuce awa 20 a mako ana harkar wasa, amma tafiya ba ta cikin lissafi, zaman jinya ba ya ciki, haka atisayen da ake kira na ganin dama, wanda duk wanda bai je ba ya san benci zai ɗumama. Da hukumar ƙwadago ta binciki 'yan ƙwallon Jami'ar Northwestern a 2014, awa 40 zuwa 50 ta tarar suna yi a mako a lokacin kakar wasa.

Akwai wani yaro daga kudancin ƙasar da nake koya wa, kansa na ja sosai, injiniya yake son zama. Darussan ɗakin gwaje-gwaje da rana ake yi, daidai lokacin atisaye. Mai ba shi shawara, wanda sashen wasanni ke biya, ya lallaɓa shi ya koma wani fanni mai sauƙi da ba ya cin karo da jadawalin koci. A shekararsa ta biyu jijiyar gwiwarsa ta tsinke. An yi masa aiki, gaskiya ba a bar shi da kuɗin asibiti ba. Amma da ya dawo gudunsa ya ragu, sai sabon koci ya kira shi ofis ya ce masa babu wanda zai kore shi, sai dai ya sani ba zai ƙara taka fili ba. Yaro ya tattara ya koma wata ƙaramar makaranta, can kuma aka ƙi karɓar wasu daga cikin kwasakwasan da ya ci. Ba injiniyancin, ba ƙwallon. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a duk wannan tafiya babu mutum ɗaya da ya zauna da shi wanda ba daga aljihun jami'ar yake cin abinci ba.

Shi ya sa ni batun ƙungiya ya fi damuna a kan batun albashi. Dagewar da jami'o'i ke yi cewa ɗan wasa ba ma'aikaci ba ne ma, asalinta tsoron biyan diyyar rauni ne. A 1955 wani ɗan ƙwallo mai suna Ray Dennison ya rasu bayan buguwar da ya yi a ka a wasan kwalejin Fort Lewis a jihar Colorado. Matarsa ta nemi diyyar da ake ba iyalan ma'aikaci, kotun ƙolin jihar ta ce ba ta da haƙƙi. A 2018 Jordan McNair, ɗan shekara 19, ya faɗi a wurin atisaye a Jami'ar Maryland saboda zafi ya yi wa jikinsa yawa, ya cika bayan mako biyu. Yanzu an ɗan gyara: tun 2024 dole jami'o'in rukuni na ɗaya, wato matakin ƙoli na NCAA, su ɗauki nauyin jinyar raunin wasa har shekara biyu bayan yaro ya bar makaranta. To amma ciwon gwiwa da na ƙwaƙwalwa ba sa duba kalanda, wani sai mutum ya haura arba'in yake tasowa. Kuma abin da aka ba ka don an ga dama, ana iya janye shi ranar da aka ga dama.

Dubi kuma yadda aka yi rabon. A manyan gasannin ƙwararru, NFL ta ƙwallon Amurka da NBA ta ƙwallon kwando, inda 'yan wasa ke da ƙungiya, kusan rabin kuɗin shiga nasu ne. A sulhun House kashi 22 cikin 100 aka ɗauka a matsayin ma'auni, kuma lauyoyi da shugabannin jami'o'i ne suka zauna suka tsara, har da ƙayyade yawan 'yan wasan da kowace tawaga za ta ɗauka, da sharaɗin cewa duk tallan da ya kai dala 600 sai an kai shi an tantance. Yaron da yake sakandare yau zai zo ya tarar da dokar da ba shi da wakili lokacin da aka rubuta ta. Kasuwar kuɗin tallar ita ma ta zama ta mai ƙarfi. A 2024 Matthew Sluka ya bar tawagar Jami'ar UNLV da ke Las Vegas bayan wasa uku kacal, wakilinsa ya ce an yi masa alkawarin dala 100,000 da baki ba a cika ba, jami'ar kuma ta musanta. Ko wane ne mai gaskiya a cikinsu, da akwai kwantiragi na bai ɗaya da aka amince da shi tun farko, da ba a kai ga haka ba.

An gwada kafa ƙungiyar, ba ta yi nisa ba. 'Yan Northwestern ƙarƙashin jagorancin ɗan wasansu Kain Colter sun kaɗa ƙuri'a a 2014, amma a 2015 hukumar ƙwadago ta ƙasa ta ce ba za ta sa baki ba, ƙuri'un ma ba a taɓa ƙirga su ba. 'Yan ƙwallon kwandon kwalejin Dartmouth sun zaɓi shiga ƙungiya da ƙuri'a 13 da 2 a Maris 2024, suka janye a ƙarshen shekarar ganin gwamnati za ta sauya a Washington. Babban cikas shi ne dokar ƙwadago ta tarayya masu zaman kansu kawai ta shafa, alhali yawancin manyan jami'o'in wasa na jihohi ne, kowace jiha da dokarta. Yajin aiki kuwa kwantar da hankalinka. Yaron da shekara huɗu kacal gare shi ya nuna kansa ba zai yarda ya zauna wata takwas a gida ba. Wanda aka fi tunawa shi ne na Jami'ar Missouri a 2015, da 'yan ƙwallo suka ce ba za su buga ba saboda yadda shugabanni suka yi sakaci da ƙorafin wariyar launin fata. Cikin kwana biyu shugaban jami'ar ya ajiye aiki, aka koma fili. Kuma ko sun yi, aji ba ya tsayawa, malamai ba su cikin rigimar.

Amma akwai inda maganarka take da ƙarfi, kuma nan ne ya shafi yaronku kai tsaye. 'Yan wasan NCAA sun haura 500,000, waɗanda ke zama ƙwararru ba su kai 2 cikin 100 ba. Wasa biyu ne ke kawo kuɗi, ƙwallon Amurka da ƙwallon kwando, su ma a manyan jami'o'i. Guje-guje da ninƙaya da kokawa duk ci suke yi daga wannan tukunya. Diyyar House kashi 75 na 'yan ƙwallon Amurka ne, 15 na kwandon maza, 5 na kwandon mata, duk sauran wasanni su raba 5, kuma jami'o'i da dama haka suke bi wajen sabon rabon. In aka ce kowane ɗan wasa ma'aikaci ne mai albashi, ƙananan makarantu rufe wasu wasannin za su yi, na irin su yaronku kuma su ake fara dubawa. Jami'ar Stanford da duk arzikinta ta sanar da soke wasanni 11 a 2020, sai da tsofaffin ɗalibai suka taso ta fasa. Don haka ni ra'ayina, 'yan wasannin da ke tara biliyoyi a biya su kuma a bar su su zauna a teburin ciniki da wakilan da suka zaɓa. Masu gudu da sauransu ba albashi ne babbar buƙatarsu ba, kariya ce: lafiya, lokacin karatu, da tabbacin tallafi. Ita ma kariyar sai da wakilci take samuwa, ko da ba a kira su ma'aikata ba.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa wa 'yanmu ba. Yaronku da bizar ɗalibi zai shiga, ita kuma ba ta yarda mutum ya yi aikin kuɗi a wajen makaranta ba sai da izini. Saboda haka kuɗin tallan da abokan ɗakinsa Amurkawa za su riƙa karɓa, shi in ya taɓa ba tare da shawarar ofishin ɗaliban ƙasashen waje ba zai iya rasa bizarsa. Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango da ya zama gwarzon ƙwallon kwandon jami'o'i a Jami'ar Kentucky, sai da tawagarsu ta je Bahamas a 2022 sannan ya samu damar ɗaukar tallace-tallacensa, don a wajen ƙasar Amurka yake. In har irinsa sai da dabara, ka ƙiyasta ɗan tseren mita 400 da ba a san shi ba.

Duk da haka ina ba da shawarar ya tafi in tayin mai kyau ne. Ta wannan ƙofa ɗan Najeriya Hakeem Olajuwon, tauraron ƙwallon kwando, ya shiga Jami'ar Houston, ta nan 'yan tseren Najeriya Blessing Okagbare da Tobi Amusan suka bi a Jami'ar UTEP da ke El Paso. Sai dai kafin ya sa hannu, Alhaji, a turo muku komai a rubuce. A guje-guje galibi gutsura tallafin ake yi, domin shekara da shekaru gurbi 12.6 kacal aka yarda a raba wa dukan tawagar maza, don haka ku tambaya kashi nawa ne nasa, kuma ragowar dala nawa ce a shekara. Ku tambaya na shekara ɗaya ne da ake sabuntawa ko na shekara huɗu, da abin da zai faru in ya ji rauni ko kocin da ya ɗauko shi ya bar wurin. Ya faɗi fannin da yake so tun yanzu, a tabbatar masa jadawalin atisaye ba zai hana shi ba. Ku ji wa ke biyan inshorar lafiya ta ciwon da ba na wasa ba, da inda zai zauna da abin da zai ci a hutun Disamba da na bazara idan aka rufe ɗakunan kwana, da harajin da ake cira daga kuɗin ɗaki da abinci na ɗaliban waje. In an turo takardar, turo mini ta akwatin sirri in duba muku kafin ku amsa. A gaida su Hajiya da yara.