Amsa kan matasan da suka karɓe makirufo a gaban Bernie Sanders

Assalamu alaikum. Ƙanena, ka tambayi dalilin da ya sa matasan Black Lives Matter, wato masu fafutukar "ran baƙi na da daraja" a Amurka, suka riƙa kutsawa tarukan Bernie Sanders da Hillary Clinton lokacin zaɓen fidda gwani na 2016, alhali jam'iyyar Dimokurat ce baƙar fata ke zaɓa. Ka ce kai a ganinka karɓe makirufo a gaban dattijo rashin tarbiyya ne, ka kuma tambayi abin da hayaniyar ta haifar. Zan ba ka abin da idona ya gani, don ina wurin ranar da abin ya faru a Seattle, kuma ina cikin waɗanda suka yi wa 'yan matan nan ihu.

Ranar Asabar ce, 8 ga Agusta, 2015. Lokacin ina tuƙa tasi. Na ajiye mota na taka zuwa dandalin Westlake da ke tsakiyar gari, inda ake bikin cikar tsarin fanshon gwamnatin tarayya shekara 80, inshorar lafiyar tsofaffi kuma shekara 50. Yawancin mutanen wurin fararen fata ne masu furfura, kowa Sanders yake jira. Yana hawa dandamali, bai wuce gaisuwa ba, sai ga mata biyu, Marissa Johnson da Mara Willaford, sun hau sun tsaya gaban makirufo suka ce sai an saurare su. Aka yi ta ja-in-ja da masu taron, Sanders ya ja da baya ya tsaya gefe. Da aka sakar musu, Marissa ta nemi a yi shiru na minti huɗu da rabi don tunawa da Michael Brown, yaro ɗan shekara 18 da ɗan sanda ya harbe a Ferguson, aka bar gawarsa kwance a kan titi awa huɗu da rabi. Washegari ake cika shekara guda da kashe shi.

Shirun nan bai samu ba. Mutane suka yi ta ihu, ni ma na ɗaga murya na ce su sauka. Wani tsoho da ke kusa da ni, wanda ɗazu muka gama hira yana ce mini shi tun yana saurayi yake tattakin neman 'yancin baƙar fata, fuskarsa ta yi jawur, yana daka tsawa a kira 'yan sanda su kwashe su. Wannan kalma ce ta sa bakina ya mutu. Mata biyu baƙaƙe, ba makami, suna kuka kan yaron da ɗan sanda ya kashe, kuma abin da ya fara zuwa bakin masoyinmu shi ne a turo musu 'yan sanda. Sanders dai bai yi jawabin ba, ya sauka ya gaggaisa da jama'a ya tafi.

Duk da haka da haushi na koma gida. Na zayyana wa ɗana, lokacin shekararsa 17, cewa yaran nan sun ci mutuncin dattijo ɗan shekara 73, mutumin da 'yan sanda suka kama a Chicago a 1963 yana zanga-zangar ƙin wariya a makarantu, tun iyayensu na goye ko ma ba a haife su ba. Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Baba, wa ya zaunar da ni ya koya mini in ɗora hannu biyu a kan sitiyari idan an tsayar da ni, kar in taɓa aljihu sai na nemi izini?" Na ce ni ne. Ya ce, "To Baba, abin da ka koya mini a ɓoye cikin falo, shi suka faɗa da ƙarfi."

Gaskiya ya faɗa. Duk ɗan Afirka da ya daɗe a ƙasar nan ya san sunan Amadou Diallo, ɗan Gini mai talla a titi, wanda 'yan sanda huɗu suka yi wa ruwan harsashi 41 a ƙofar gidansa a Bronx a 1999, hannunsa riƙe da walat, kotu kuma ta wanke su. Muna da halin ɗaukar kanmu daban da baƙaƙen Amurka, mu ce mu baƙi ne masu neman halal, rigimarsu ba tamu ba ce. Wanda ya haska maka tocila da ƙarfe biyun dare ba ya tambayar garinku.

Yanzu ga tambayarka ta farko: me ya sa nasu suka kama, ba abokan hamayya ba? Lissafi ne, kuma sai da na huce na gane shi. A babban zaɓe, cikin baƙar fata goma, tara Dimokurat suke yi wa. Obama ya samu kusan kashi 93 cikin ɗari na ƙuri'unsu a 2012. Da zarar jam'iyya ta tsayar da ɗan takara, ciniki ya ƙare, don ya san ba ka da wurin zuwa, abin da kawai zai ce maka shi ne dubi wancan, ya fi ni muni. Amma a fidda gwani kowanne na neman ka, musamman a jihohin kudu. A South Carolina fiye da rabin masu zaɓen fidda gwanin Dimokurat baƙar fata ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma watannin nan su ne ɗanyantakar ɗan siyasar Amurka.

Kuma ba wai sun ƙyale 'yan Rifablikan ba ne. A watan Agustan nan sun tashi taron Jeb Bush a North Las Vegas. A Nuwamba wani matashi ya ɗaga murya a taron Donald Trump a Birmingham ta Alabama, magoya baya suka kayar da shi suka yi ta duka, washegari Trump ya ce wataƙila ma ya cancanci hakan. Wanda ba ya neman ƙuri'arka, ihunka ado ne a wurinsa, magoya bayansa ma ƙara son sa suke yi.

Sannan waɗanda kake kira "nasu" kowanne na da tabo. Martin O'Malley, wanda shi ma ke neman tikitin Dimokurat a lokacin, ya yi magajin garin Baltimore, kuma a zamaninsa, a 2005 kaɗai, 'yan sanda sun yi kame sama da 100,000 a garin da mutanensa ba su kai 700,000 ba. A garin ne Freddie Gray ya mutu a Afrilun 2015 bayan raunin da ya ji a motar 'yan sanda. Shi ya sa da matasan suka tare shi a Phoenix ranar 18 ga Yuli, ya amsa musu da cewa ran baƙi na da daraja, ran farare na da daraja, ran kowa na da daraja, wurin ya kaure da ihu. Ba wanda ya ce ran wani banza ne. Amma idan ka je gidan makoki ka ce wa uwar mamaci ai kowa ma zai mutu, gaskiya ka faɗa, kuma ka zalunce ta. Daga baya ya nemi afuwa. Dokar yaƙi da laifuka ta 1994 kuwa, wadda ta zuba kuɗi a gina kurkuku ta kuma kawo ɗaurin rai da rai ga wanda ya maimaita babban laifi sau uku, Bill Clinton ne ya sa mata hannu, Hillary ta tallata ta, Sanders ya kaɗa mata ƙuri'a a majalisa.

Matsalar Sanders ta fi ta sauran laushi, shi ya sa ta fi wuyar gani. Duk tambayar da aka yi masa kan wariya, sai ya juya ta zuwa tattalin arziki: a samar da aikin yi, a ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa dala 15 a awa, a sa jami'a ta zama kyauta. Ni direban tasi, maganar nan har cikin raina take shiga. To amma dubi Sandra Bland. Shekararta 28, ta gama jami'ar Prairie View a Texas, kuma ta dawo ne don ta kama sabon aiki a jami'ar. Ranar 10 ga Yuli, 2015 ɗan sanda ya tsayar da ita don ta sauya layi ba ta kunna sigina ba, gardama ta tashi kan sigarin da ke hannunta, aka kai ta gidan waƙafi, kwana uku aka tarar da gawarta a ɗakin da aka tsare ta. Tana da digiri, tana da aiki. Babu ko ɗaya cikin magungunan Sanders da zai hana a tsayar da ita a ranar. Kwana biyar da rasuwarta aka yi taron Phoenix, matasan na ta kira a ambaci sunanta, shi kuma yana ƙoƙarin komawa kan albashi, har ransa ya ɓaci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma abin da suke gaya masa ke nan.

Me aka samu? Kwana ɗaya bayan Seattle, Sanders ya fitar da cikakken shiri kan adalci ga baƙar fata, da batun kisan 'yan sanda a sahun gaba. A daren ranar da aka hana shi magana, wata matashiya baƙa, Symone Sanders, ta fito a matsayin kakakinsa, kodayake maganar ɗaukarta ta riga ranar. A muhawarar farko ta 'yan takarar Dimokurat, 13 ga Oktoba a Las Vegas, aka tambaye su kai tsaye ko ran baƙi ne ke da daraja ko na kowa, Sanders ya amsa ba kwana-kwana, ya kira sunan Sandra Bland da bakinsa. Ina zaune a mota ina saurare, sai da na ji tsigar jikina ta tashi.

Hillary ta fi iya taka tsantsan. Ranar 11 ga Agusta ta gana da wasu daga cikinsu a garin Keene na New Hampshire, ta ce musu ita ba ta yarda ana sauya zukata ba, dokoki ake sauyawa da yadda ake raba dukiya, don haka su zo da buƙatu a rubuce. Na ga gaskiya a maganarta, kuma kafin watan ya ƙare wasu matasan suka fito da Campaign Zero, jerin gyare-gyare goma kan aikin ɗan sanda. Amma a wannan garin na Keene ne a 1996 ta kira wasu yara masu laifi da sunan da ke nufin manyan namun daji marasa imani, ta ce sai an ladabtar da su. Shekara ashirin maganar na nan. Sai a Fabrairun 2016, da Ashley Williams ta shiga liyafar tara kuɗi a Charleston da tikitin dala 500, ta buɗe ƙyalle ɗauke da kalaman a gabanta, sannan washegari Hillary ta ce bai kamata ta yi amfani da kalmomin ba.

Kar in cika maka baki. Hillary ta lashe South Carolina da sama da kashi 70, dattawan baƙar fata da 'yan coci suka bi ta kusan gaba ɗaya, da yawansu ma ba su ji daɗin salon matasan ba. Har gida ɗaya ya rabu: mahaifiyar Eric Garner, baƙar fatar da ya mutu a hannun 'yan sandan New York, ta bi Hillary, 'yarsa Erica ta bi Sanders. Trump ne ya ci babban zaɓen 2016. Adadin waɗanda 'yan sanda ke harbewa bai sauka daga kusan mutum 1,000 a shekara ba, dokar gyaran aikin 'yan sanda mai sunan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a Minneapolis, kuma ta wuce majalisar wakilai ta maƙale a ta dattawa. Wannan yana ci mini rai har yau.

Amma akwai wanda ya kwana a gidansu bayan irin wannan matsin. Myon Burrell yana ɗan shekara 16 aka kama shi kan kisan wata yarinya a Minneapolis a 2002, lokacin Amy Klobuchar ce babbar mai gabatar da ƙara ta yankin, aka yi masa ɗaurin rai da rai. Da ta fito takarar shugaban ƙasa, 'yan jarida suka tono raunin shaidun, masu zanga-zanga suka mamaye dandamalinta ranar 1 ga Maris, 2020 har aka soke taron. A Disambar shekarar hukumar afuwa ta jihar ta rage masa hukunci, ya fito bayan shekara 18.

Batun tarbiyya kuwa, ban sauka daga kansa gaba ɗaya ba. Har yanzu ban yarda da yadda Marissa ta yi wa duka taron kuɗin goro ta kira su masu fifita farar fata ba, don akwai mutanen kirki a ciki, na san wasunsu. Sai dai ni da kai an raine mu a kan cewa babba ma yana da haƙƙin da ke kansa, ya saurari kukan na ƙasa da shi kafin kukan ya zama ihu. Shekara guda cur bayan Ferguson suna tattaki, suna rubuta wasiƙu, suna jiran layi, 'yan takara na wuce su. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne minti huɗu da rabi kawai suka roƙa, mu dubbai muka kasa ba su, kuma da muryata a ciki.

Ranar 26 ga Maris, 2016 aka yi fidda gwanin jiharmu ta Washington, irin wanda maƙwabta ke taruwa a ɗaki ɗaya kowa ya bayyana gwaninsa. Ɗana ya cika 18, muka tafi tare, kuma mu biyun Sanders muka yi wa. Da aka ce wa zai yi magana a madadin ɓangarenmu, ya miƙe, gwiwarsa na rawa. Da sunan Sandra Bland ya fara, ni kuma ina zaune a kujerar 'yan makaranta ina saurarensa har ya gama.