Amsa kan shayin ganyen dandaliyon

'Yar uwa, kin tambaya ko shayin dandaliyon da ake tallatawa yana "wanke ƙoda", kuma ko Mama mai shan maganin hawan jini za ta iya sha.

Dandaliyon tsiro ne na ƙasashen sanyi, Turai da Asiya, mai fure rawaya da ganye mai tsaga-tsaga kamar haƙora. Kina karya ganyen farin ruwa zai tsatso, ga ɗaci. Wanda 'yan Ghana ke kira da wannan suna wani tsiro ne dangin sa, shi ne Yarbawa ke ce wa yanrin.

Aikin dandaliyon da kowa ya sani shi ne sa fitsari. Faransawa ma "pissenlit" suke kiransa, wato mai sa fitsarin kwance! Masu maganin gargajiya a Turai suna ba da shi don buɗe ciki da rage kumburi, ganyen kuma na da bitamin A da K da fotasiyam sosai. Maganar wanke ƙoda dai bakin 'yan talla ne.

Batun Mama ne ya fi damuna. In maganinta mai sa fitsari ne, ƙari zai yi a kai. In ƙodarta ta yi rauni, fotasiyam ɗin kan taru ya taɓa bugun zuciya. Mai shan warfarin ma, wato maganin hana jini daskarewa, bitamin K yana rage masa ƙarfin magani. Ki kai wa likitanta kwalin shayin tare da magungunanta ya duba tukuna.