Hukuncin kiɗan da na'ura ke haɗawa da kanta

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah Ya gafarta Malam, ni matashi ne a Sabon Gari, nan Damagaram, ina da ɗan situdiyo a zauren gidanmu. Ban iya gurmi ba, ban iya kalangu ba. Aikina duka a kwamfuta yake, da manhajar FL Studio nake haɗa wa masu waƙar biki da 'yan bege kiɗa. Kwanan nan na shiga wani gwaji: nakan ɗauko sautin luguden mata, da bugun guduma a maƙera, da kukan tantabaru, in yayyanka su, in gindaya wa manhajar ƙa'idoji, sai in sake ta tana jera su da kanta, kuma ko na sake kunnawa ba ta maimaita na farko. Akwai kuma Suno, wadda nake rubuta wa 'yan kalmomi ta fito da waƙa sukutum har da murya. Wani abokina ya ce tunda ba hannuna ya kaɗa ba, kuma babu fata babu tsirkiya, ba ni da laifi. Wani kuma ya ce duk haramun ne har kuɗin. Ina gaskiyar take? Kuma zan iya sayarwa in ce nawa ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, maganar abokinka na farko ba ta tsaya ba. Allah Ya halatta mana a sura ta Ma'ida, aya ta 4, abin da karen farauta horarre ya kamo, in mai shi ya ambaci sunan Allah ya sake shi. Kare ne ya yi gudun, shi ya zaɓi hanyar da zai bi, amma shari'a ta jingina farautar ga wanda ya horar kuma ya saki. Kai ka zaɓi sautukan, kai ka sa ƙa'idar, kai ka danna, kai ka saurara ka ce wannan ya yi, wancan a goge. Rashin sanin abin da zai fito a daƙiƙa ta gaba bai raba ka da aikin ba. Na'ura ba mukallafa ba ce, ba a rubuta mata lada ko zunubi, kai ake rubuta wa.

Rashin fata da tsirkiya ma bai canza komai ba. Malaman da suka hana goge ba don ƙwarya da gashin wutsiyar doki suka hana shi ba, don abin da ke shiga kunne ne da abin da yake motsawa a zuciya. In kwamfuta ta fitar da sautin da mai saurare ba zai bambance shi da goge ba, hukuncin goge ya hau kansa. In ta fitar da na mandiri, hukuncin mandiri ne.

Saura mu san hukuncin kayan kiɗan su kansu, kuma nan abokinka na biyu ya yi gaggawa. Mafi yawan malamai, har da mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya, sun hana. Suna kafa hujja da aya ta 6 a Luƙman, wadda Ibn Mas'ud ya rantse cewa waƙa take nufi, da hadisin Bukhari mai cewa za a samu wasu a al'ummar nan da za su halatta zina da alhariri da giya da kayan kiɗa. Duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin da Ibn Abi Zaid ya ce bai halatta ka saurari kayan wasa da waƙa da gangan ba. Ibn Hazm ya soki isnadin hadisin ya halatta kiɗa baki ɗaya, Ibn Salah da Ibn Hajar kuma suka mayar masa da martani, kuma a nan su ne da gaskiya, hadisin ya inganta.

Sai dai ko a cikin gidanmu hanin bai zo dunƙule ba. Buɗe Mukhtasar na Shehu Khalil a babin walima. Ya ce ba a karhanta girbali, wato tambura mai fuska ɗaya irin mandiri, ko da namiji ne ya buga. A babbar ganga da wani kayan kiɗa da ake kira mizhari ya kawo zantuka uku. Sannan ya kawo maganar Ibn Kinana cewa sarewa da ƙaho sun halatta, masu sharhi suka ƙayyade da kaɗan wanda ba ya shagaltarwa. A Bukhari da Muslim kuma akwai 'yan matan nan biyu da ke waƙa a ɗakin Nana A'isha ranar idi, Sayyidina Abubakar ya tsawata, Annabi (SAW) ya ce a ƙyale su. Imam Gazali a Ihya ya tafi a kan cewa daddaɗan sauti a kan kansa halal ne, kamar kukan tsuntsu, abin da aka hana shi ne kayan tsirkiya da na busa da suka zama alamar mashaya, da wata ganga mai siririn tsakiya da faɗin baki biyu. Wanda ya san kalangu ya gane siffar. Mu da ke jin kakaki da algaita a ƙofar fadar Sarki a Birni ranar Sallah, malamai na wucewa ba wanda ya ta da ƙura, ya kamata mu san cewa magana ce mai faɗi.

Ga abin da nake ba ka fatawa da shi. Lugude da guduma da kukan tantabara ba kayan kiɗa ba ne, ɗaukarsu da jera su halal ne muddin sun tsaya a matsayin amo da bugu. In ka ja su ka lanƙwasa har suka koma kamar fiyano ko goge, sun shiga inda aka yi saɓani. Bugu irin na mandiri don biki ko idi ko bege mai tsabta, yi abinka. Sautin tsirkiya da busa, barinsa shi ne mazhabarmu kuma shi na zaɓar maka. In ka bi masu sauƙaƙawa bisa sani, ban kira ka fasiƙi ba, kuma ban ce kuɗin da ka riga ka ci haramun ne ba. Ladan aiki yana bin aikin: na halal halal ne, na saɓani akwai shubuha a cikinsa.

Abin da ya fi damuna kuwa ba ka tsananta tambaya a kansa ba, alhali shi ne babu saɓani. Kiɗan da aka yi odarsa don rawar maza da mata a cakuɗe, ko waƙar batsa, ko zambo da cin mutuncin wani a lokacin siyasa, haramun ne ko da tafi aka yi shi. Ɗora karatun Alƙur'ani a kan kiɗa wulaƙanta shi ne, kada ka kusance shi ko da gwaji. Kuma ka karanta duk baitin da na'ura ta rubuto kafin ya fita daga ɗakinka, musamman a bege, domin tana iya jingina wa Annabi (SAW) abin da bai faɗa ba, ko ta kai yabo inda bai halatta ba, ita ko a jikinta.

Batun sayarwa: wanda ya kawo maka jika 20 don waƙar aurensa yana zaton kai ka zauna ka tsara. In Suno ce ta yi, gaya masa, in ya yarda ciniki ya yi. In ka ɓoye, ka faɗa cikin hadisin Muslim, "wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu", da ɗaya hadisin da ya kamanta mai nuna yana da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafin ƙarya biyu. Na gwajinka kuwa, wanda ka ɗauko sautukan da kanka ka tsara ƙa'idarsa, naka ne, sa sunanka. Ka duba sharaɗin manhajar ma: Suno ba ta yarda a yi kasuwanci da abin da aka fitar ta asusun kyauta ba, kuma Musulmi suna kan sharuɗɗansu.

Haƙƙin masu fasaha dukiya ce da shari'a ke karewa. Haka Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zartar a zamanta na Kuwait a Disamban 1988, kuma a nan Nijar akwai hukumar BNDA don wannan. A Yunin 2024 kamfanonin waƙa na Universal da Sony da Warner sun kai Suno da takwararta Udio kotu a Amurka bisa zargin an horar da su da waƙoƙin mutane ba izini. Ba a ɗora maka binciken abin da ke cikin na'urar ba, amma in ta fito da karin da ka gane na wane ne, bar shi. Kwaikwayon muryar mutum takamaimai, mai rai ko wani mawaƙin fada da ya rasu, a sa shi faɗin abin da bai faɗa ba, ƙarya ce a kansa. Na mai rai sai da izininsa, na mamaci sai da na magadansa, kuma a bayyana wa jama'a cewa na'ura ce. Matan da ka ɗauki lugudensu ma, in muryarsu ko hirarsu ta shiga, nemi yardarsu kafin ka fitar.

Wallahu a'alam.