Motata ta faɗi gwajin hayaƙi, bakanike ya ce in sayi sabon indomi

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina zaune a Agege, ina da Toyota Corolla ƙirar 2005 'yar Amurka. Na kai ta cibiyar gwajin motoci ta kwamfuta don sabunta takardar lafiyar mota, birki da fitilu duk sun wuce, amma ta faɗi a hayaƙi. An rubuta CO 2.8, HC 310. Na canza fulogogi na koma, ba ta sake zani ba. Bakanikena ya ce indomi, wato matatar nan da ke jikin salansa mai rage gubar hayaƙi, shi ne ya mutu, ko kuma an cire shi tun kafin in saya. Motar tana shan mai fiye da da, allurar zafi ba ta kaiwa tsakiya, fanka kuwa ina kunna makulli take tashi. In sayi indomin?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Mai yiwuwa ne indomin ya mutu, mai yiwuwa ma babu shi, amma lambobin da ka turo sun nuna cewa ko ka sa sabo fil gobe, matsalar tana nan, kuma ita ce za ta kashe sabon. An bar jaki ana dukan taiki.

Bari in fassara maka takardar. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. Idan mai ya yi yawa iska ta gaza, ƙonewar ba ta kammala, sai CO ta hau, wato iskar nan mai guba da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki. HC kuwa ɗanyen fetur ne da ya fita ta salansa bai ƙone ba. Injin da ke haɗa mai da iska daidai, ko da babu indomi sam, CO ɗinsa ba ta cika wuce kashi 1 cikin 100 ba. In kuma da lafiyayyen indomi, sai ta sauko kusa da sifili. A gwajin lafiyar mota na Ingila da ake kira MOT, iyakar da ake yarda wa mota irin taka idan an ɗan taka totur ita ce CO 0.2 da HC 200. Kai kana kan 2.8. Rashin indomi kaɗai ba zai kai ka can ba. Injinka ne ke ambaliyar mai.

Dalilin kuwa kai da kanka ka faɗe shi a ƙarshen tambayarka, wataƙila ba ka ɗauke shi da muhimmanci ba. Allura ba ta kaiwa tsakiya, fanka tana tashi da makulli: an cire maka tamosta, wato bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji, an kuma haɗa fanka kai tsaye. Wannan aiki ya zama ruwan dare a garejinmu, daga Legas har Kano. Mota na sauka daga jirgin ruwa sai a ce ai tamosta na ƙasar sanyi ne, a zare shi a jefar. Na sha musu da abokan sana'a a kan haka, kuma har yau ban ga hujjarsu ba, domin Toyota na sayar da motoci a Saudiyya da tamostansu a ciki, ga shi zafin can bai gaza namu ba. Tamostan wannan inji yana fara buɗewa ne a wajen digiri 82, aikinsa shi ne ya tsare ruwa a cikin inji har ya yi zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai. Idan babu shi, ruwa na ta zagaya lagireto, fanka na ta hura shi, injin ba ya ɗumama yadda ya kamata, musamman da safe, ko lokacin damina, ko a buɗaɗɗiyar hanya. Kwamfutar mota kuma abin da na'urar auna zafin ruwa ta gaya mata shi take bi. Muddin tana ganin inji da sanyi, za ta ci gaba da ƙara mai kamar yanzu aka tayar da shi. Ga shan manka, ga kuma CO ɗinka.

Saboda haka abin farko, a mayar da tamosta na asali, mai waya ya mayar da fanka kan tsarinta, a zuba ruwan lagireto na gaske maimakon na famfo. Idan bayan haka motar ta fara zafi fiye da kima, to akwai cutar da aka ɓoye da cire tamostan, ko lagireto ya toshe, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa ya gaji. Ita za a gyara.

Daga nan a jona mata kwamfutar bincike. Duk motar da aka sayar a Amurka daga 1996 tana da soket ɗin jona ta, wanda ake kira OBD2, a ƙarƙashin sitiyari. Amma kada ka yarda a karanta lambar matsala kawai a goge a ce an gama. Ka ce a nuna maka abin da injin ke yi yana kunne. Zafin ruwa ya kamata ya kai tsakanin digiri 85 da 95 ya zauna. In injin ya yi zafi a hannu amma kwamfuta na nuna 40, na'urar auna zafin ce ke ƙarya, kuma ba ta da tsada. A duba gyaran da kwamfutar ke yi wa mai: in bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, sama ko ƙasa, lafiya. In ya nutse ƙasa sosai, tana ƙoƙarin rage man da ke shigowa ta wata hanya ne, galibi nozul mai ɗiga. Lambar P0172 na nufin mai ya yi yawa, P0171 iska ta yi yawa, P0300 zuwa P0304 inji na tsallake wuta, P0420 kuma ita ce ke zargin indomi. Ko ita ma zargi ne, don salansa mai huji kusa da na'urar da ke auna iskar oksijin a cikin hayaƙi na iya jawo ta. Af, ka lura ko fitilar cek injin na kamawa idan ka murɗa makulli kafin ka tayar. In ba ta kamawa sam, wani ya cire ƙwan ko ya rufe shi kafin a sayar maka.

Sauran masu laifin da aka saba kamawa ba su da wuyar dubawa. Matatar iska da ƙura ta toshe. Na'urar auna iska da ke bayan matatar, wadda ake wankewa da feshinta na musamman, ba da fetur ko buroshi ba. Sai na'urar oksijin ta gaba, wadda in ta tsufa takan yi nauyin amsawa. Fulogogin da ka canza ba asara ba ce in na asali ne, amma fulogi da kwayil sun fi taɓa HC. Da su ne matsalar, da mun ga HC ta yi sama sosai, CO kuma ba ta kai haka ba, injin yana karkarwa a silo.

Yanzu indomin. Sunan ya samo asali ne daga kamannin cikinsa, ramuka ƙanana kamar taliyar da ba a dafa ba, an shafe su da ƙarafa masu tsada irin su filatinam da faladiyam da rodiyam, shi ya sa ake sace shi. Ba ya fara aiki sai ya kai wajen digiri 250 zuwa 300. Ɗanyen mai in ya yi ta isa gare shi yakan ƙone a ciki har ya narkar da ramukan, baƙin mai kuma yakan lulluɓe su. Don haka in motar na fitar da shuɗin hayaƙi ko tana rage baƙin mai tsakanin juye da juye, a duba ringi da robobin bawul kafin a yi zancen sabo. Sanin ko yana nan abu ne mai sauƙi: a kwance salansa ta gabansa a haska tocila. In ka ga fayau, an kwashe. In ka buga shi da hannu ka ji yana kaca-kaca, ya farfashe. A irin wannan hali dole ka saya, amma bayan an gama gyaran inji, kuma ka tsaya a kan mai walda har ya gama ɗaurawa. Kada kuma a sayar maka da ɗan ƙarfen da ake ɗaura wa na'urar oksijin ta baya don fitila ta mutu. Kwamfutar motarka yake ruɗa, bututun da masu gwaji ke zurawa a salansa ba ruwansa da shi.

Ranar komawa, ka juye baƙin mai tukuna, domin injin da ya daɗe yana ambaliya ya riga ya tsinka shi da fetur. Ka yi kwana biyu ko uku kana hawa bayan gyaran don kwamfutar ta daidaita kanta. Sannan ka yi tafiyar minti 20 zuwa 30 a hanyar da babu cunkoso kafin ka isa, in layi ya yi tsawo kada ka bar injin ya huce. Ka sa mai gyaran ya rubuta maka zafin ruwa da lambobin gyaran mai, ka haɗa da sabuwar takardar gwajin ka turo mini.