Hukuncin barin manhaja ta saya ta sayar bisa alamar tafiyar farashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina harkar kasuwancin intanet a manhajar MetaTrader. Na sayi wani robot, wato manhaja mai yin ciniki da kanta, da ke duba layin matsakaicin farashi na kwana 50 da na kwana 200. Idan gajeren ya haura dogon sai ya saya, idan ya gangaro ƙarƙashinsa sai ya sayar, ko da ina barci. Wani abokina ya ce wannan duba ne, wani ya ce caca ce. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, batun duba a ajiye shi gefe. Wannan layi lissafi ne kan farashin da ya riga ya wuce: a tara farashin kwana 50 a raba gida 50. Babu da'awar sanin gaibu a ciki. Ɗan kasuwar hatsi a Dawanau da ya lura masara kan sauka da kaka ta hau gab da damina, sai ya saya ya ajiye, ba wanda zai kira shi boka. Sharaɗi kawai kada ka ƙudurta cewa alamar ba ta kuskure, domin tana yi, musamman idan farashi ya tsaya yana kai-kawo bai nufi sama ko ƙasa ba.

Barin manhaja ta zartar da ciniki a madadinka shi ma asalinsa halal ne. Bukhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ba Urwatul Bariƙi dinari ɗaya ya sayo masa akuya, ya sayo biyu, ya sayar da ɗaya a kan dinari, Annabi ya yi masa addu'ar albarka. Idan wakiltar mutum ta halatta, na'urar da ke bin umarnin da kai ka tsara ta fi sauƙi. Sai dai ita ba mukallafi ba ce. Duk cinikin da ta ƙulla da tsakar dare, a wuyanka yake.

Abin da ya dame ni shi ne kasuwar da robot ɗin ke aiki a cikinta. Galibin dillalan da ke kan MetaTrader suna ba ka abin da ake kira CFD ne. Ba ka mallaki dala ko zinare ba, ba kuma za a damƙa maka ba, yarjejeniya ce kan bambancin farashi: ya hau ka ci, ya sauka a ci naka. A hadisin Ubadatu bin Samit da Muslim ya ruwaito, an shardanta hannu da hannu a musayar zinare da azurfa, kuma kuɗin takarda na bin hukuncinsu. Sannan dillalin yana ranta maka ninkin jarinka, wani har sau ɗari, da sharaɗin ka yi ciniki ta hannunsa ya samu la'ada. Wannan haɗa rance da ciniki ne, an kuma hana shi a hadisin Abdullahi bin Amr. Idan cinikin ya kwana a buɗe, sai a caje ka kuɗin kwana, wanda kuɗin ruwa ne tsagwaronsa. Kan waɗannan dalilai Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa (Ƙungiyar Musulmi ta Duniya) ta haramta ciniki da irin wannan rance a zamanta na 18 a Makka, shekarar 2006. Asusun da suke kira na Musulunci kuɗin kwanan kaɗai yake cirewa, sauran matsalolin suna nan daram.

Akwai kuma abin da ya keɓanci tsarin bin tafiyar farashi. Yawancin waɗannan robot idan alamar ta nuna gangara ba sa tsayawa kan sayar da abin da ke hannu, sukan buɗe sabon cinikin sayarwa don cin ribar faɗuwa. Annabi (SAW) ya ce wa Hakimu bin Hizam kada ya sayar da abin da ba ya wurinsa.

Abokinka da ya ce caca ce bai yi nisa da gaskiya ba a wannan sura. Hukumar kula da kasuwannin hannun jari ta Tarayyar Turai ta bayyana a 2018 cewa kashi 74 zuwa 89 cikin ɗari na asusun ƙananan masu cinikin CFD asara suke yi. Ina jin takaicin yadda matasanmu ke zuba kuɗin makaranta da jarin iyayensu a nan, bayan wani ya sayar musu da robot da alkawarin riba tabbatacciya. Mai wannan alkawari algus ya yi, kuɗin da ya karɓa a kai haram ne.

Saboda haka, idan robot ɗinka na aiki a kan CFD, ko da rancen dillali, ko yana sayar da abin da ba ka mallaka ba, dakatar da shi wajibi ne. Ka karɓi uwar kuɗinka, ribar da ta shigo ta nan ka bayar ga mabuƙata. Idan kuwa za ka ɗora shi kan hannun jari na gaske da ake rubutawa da sunanka, na kamfanonin da sana'arsu halal ce kamar waɗanda ke jerin NGX Lotus Islamic Index a kasuwar hannun jarin Najeriya, da kuɗinka na kanka, yana saye kuma yana sayar da abin da ya shiga mallakarka kaɗai, to babu laifi. Ka riƙa fitar da zakka bisa ƙimar kasuwa idan ya kai nisabi kuma shekara ta zagayo, domin kayan fatauci ne.

Wallahu a'alam.