Cok ɗin bakin bindigata ya kafe, ya ƙi kwancewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da bindigar farauta mai lasisi, mai girman bututu bo 12, irin wadda ake murɗa mata ɗan gajeren bututu a baki. Tun kafin damina ban taɓa shi ba. Yanzu na sa makullinsa na murɗa, ko motsi bai yi ba, har haƙorin makullin ya fara lanƙwashewa. Wani ya ce in kai wa mai walda ya gasa shi. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kai wa mai walda, kuma ka ajiye makullin nan tukuna.

Wannan ɗan bututu shi ake kira cok, suna ɗaya da na janareto, don dukansu aikinsu shaƙewa ne. Faɗin cikin bututun bo 12 kusan milimita 18.5 ne, cok mafi matsi kuma yana rage kusan milimita 1 kacal, domin ƙwayoyin harsashi su tafi a dunƙule su kai nesa. Kamfanin Winchester na Amurka ne ya yaɗa irin na murɗawa da tsarinsa na Winchoke a 1969. Kafin a samu gurbin murɗa shi sai da aka rarake bakin bututun aka yanka masa tiredi, wato zaren murɗawa irin na noti, saboda haka ƙarfen wajen ya fi na ko'ina sirantaka. Cok ana sayen wani. Bututu in ya tsage ko ya kumbura, ya tashi aiki.

Abin da ya riƙe naka, bisa ga bayaninka, tsatsa ce da dattin albarushi. Duk harbin da aka yi, hayaƙi mai zafi yana kutsawa tsakanin cok da bututu, ya bar baƙin toka da ragowar robar cikin katirij, wato kwanson harsashi. Danshin damina ya zo ya same su, suka haɗu suka daskare.

Ka fara cire harsashi, ka duba da idonka ka tabbata babu komai a ciki, sannan ka raba bututun da jikin bindigar. Nemi gwangwani mai ɗan zurfi, ka zuba mai irin wanda ke ratsa tsatsa. Maƙeran bindiga a Amurka sun fi yabon Kroil. In babu, kananzir zalla yana yi, ko ka gauraya shi da man giyar mota. Ka tsayar da bututun baki ƙasa, man ya rufe tsawon cok ɗin duka har ya ɗan wuce, domin ta gindinsa da ke ciki ne mai ya fi samun hanya. Ka bar shi kwana 2 ko 3, mako guda ma ba ɓarna ba ne. Nan ne mutane ke faɗuwa: su fesa mai da safe, da hantsi su kama kokawa. Kullum ka ɗan ƙwanƙwasa gefen bakin da guntun katako, girgizar na farfasa tsatsar.

Ranar gwaji, ka naɗe bututun da fata ko tsumma mai kauri, ka matse shi tsakanin katako biyu, amma ba a daidai bakin ba, kar ka ƙara damƙe cok ɗin. Makullin ya zama na irinsa, don cok iri-iri ne bisa ga kamfanin bindiga. Rem Choke na Remington daban, Mobilchoke na Beretta daban, Invector-Plus na Browning daban. Ka danna shi ya zauna sosai cikin tsagogin, ka murɗa hagu kana kallon bakin, a hankali, ban da fizga. Wata dabara ita ce ka ɗan murɗa dama kamar mai ƙara ɗaurewa, sannan ka dawo. Da ya motsa ko kaɗan ne, ƙara mai, ka riƙa kai shi gaba da baya har ya saki. Filaya da sukundireba da kwabo kuwa, su ke cinye tsagogin, su bar ka ba wurin kamawa.

In ya ƙi, sai zafi, amma na tafasasshen ruwa ko na'urar busar da gashi, a bayan bututu. Ƙarfen waje yakan riga na ciki buɗewa. Wutar walda ta wuce gona da iri. Tana ƙona baƙin fentin ƙarfen, kuma a bindigogi da yawa masu baki biyu da dalma aka liƙa sandar da ke tsakanin bututun, dalma kuwa tana narkewa a zafin da bai kai na walda ko kusa ba. Ka goge kananzir tas kafin ka kawo zafi.

Akwai inda duk wannan ba zai yi ba. Shafa yatsa a bayan bakin. In ka ji ƙulli kamar zobe, ƙarfe ne ya kumbura, ba tsatsa ba. Yakan faru idan an harba manyan ƙwayoyin baƙin ƙarfe ta cok mai matsi sosai, domin ba sa lotsewa kamar dalma. Matsalar ta yawaita bayan Amurka ta hana farautar agwagin ruwa da ƙwayoyin dalma a duk faɗin ƙasar a 1991, mafarauta suka koma na baƙin ƙarfe. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran bindiga ne, kuma kada ka sake harbi da ita kafin ya duba.

Bayan ya fita, ka wanke tiredin cok da na bututu da tsohon buroshin haƙori da kananzir, ka busar, ka shafa giris siriri mai jure zafi. Mai ruwa-ruwa ƙonewa yake yi ya tafi. Ka ɗaure shi daidai ƙarfin hannu da makulli, ba irin ɗaurin tayar mota ba. Duk dawowa daga daji ka kwance ka goge, musamman in ruwa ya taɓa ka, ko lokacin ƙurar hunturu. A cikin daji ma ka riƙa dubawa bayan 'yan harbe-harbe, da bindiga a buɗe babu harsashi, domin cok mai sako-sako shi ke buɗe wa hayaƙi ƙofa. Kuma kada ka harba ta babu cok a ciki, ko da sau ɗaya, tiredin bututun zai lalace.